Mesa uku da ƙin ci: rubutun kiwo daga kaka zuwa bazara a Yamai

6 Oktoba 2024

Namijin ya ƙi ci karo na biyu a jere. Rabonsa da abinci tun 15 Satumba, shi ya sa na ware masa wannan shafi, tare da sauran biyun.

Mesa uku ce a hannu, duka irin ƙaramar nan mai dunƙulewa, wadda in ta tsorata take cusa kanta a tsakiyar jiki ta zama curi. Masana na kiranta Python regius. Ba ita ce babbar mesar bakin ruwa mai haɗiye akuya ba, ita ƙaramar da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Asalinta dajin ciyawa ne na ƙasashen kudu da mu, Benin, Togo, Gana, Najeriya, har zuwa tsakiyar Afirka, kuma a ramin ɓera ko tsohon suri take yini. Duka ukun ƙyanƙyasar gonar kiwo ce ta Togo, kowace da takardarta, don irin na cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ba a ƙetara iyaka da shi haka nan.

Na sayo sikelin kicin mai nuna giram ɗaya ɗaya, jika shida, wato sefa 6,000. Awon yau, kowa ciki babu abinci:

Namijin, wata 17, giram 710.
Babbar, mace, wata 29, giram 1,035.
Auta, wata 5, giram 165.

Yadda ake ba su: Auta ɗan ɓera na giram 18 zuwa 22 duk kwana bakwai, Namijin na giram 60 zuwa 70 duk kwana goma, Babbar na giram 85 duk mako biyu. Fararen ɓeraye ne na kiwon gida, a kashe, a daskarar, a narke in za a ba.

Zafin ɗaki da rana digiri 32, da asuba 28. A Oktoba ba a buƙatar ɗumamawa a Yamai.

13 Oktoba

Auta ta ci. Ban miƙa wa Namijin komai ba.

20 Oktoba

Babbar ta ci. Auta ta ci. Namijin ya zo ya lasa iska da harshe kusa da ɓeran, ya bi ta kansa ya wuce kamar dutse ya gani.

Na duba shi gaba da baya kafin in yanke hukunci. Baki fes, babu ja a dadashi, babu farin abu kamar cuku a gindin haƙora. Numfashi shiru. Na shafa jikinsa da farin ƙyalle mai laima, babu ƴan baƙaƙen ƙwarin nan masu kama da garin masoro, babu kaska a ƙarƙashin haɓa. In aka ɗauke shi yana naɗe hannu da ƙarfi. Bayansa a cike yake, ƙashin bai fito ba.

Halinsa ne ya sake. Da can ana isha'i zai leƙo da kai daga maɓoya, wuya a lanƙwashe, yana jiran abin da zai gifta. Yanzu daga magariba har tsakar dare zagaye yake, yana bin kusurwa, yana tura murfi da hanci. A kaskon ruwansa na tarar da ɗan farin abu mai danƙo, irin wanda namijin da ya balaga ke zubarwa. Namiji na balaga tsakanin wata 11 da 18, in ya kai wajen giram 600 zuwa 700. A dajin asali barbararsu na farawa daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba, mace ta yi ƙwai wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Mu da muke kiwonta a Yamai, ga abin da muke gani a wannan lokaci: ruwa ya ɗauke, iska ta bushe, dare ya fara sanyi. Jikinsa ya karanta lokacin. Mace yake nema, abinci ya fita daga ransa.

Shawarar da na yanke: miƙawa sau ɗaya a mako biyu, awo sau ɗaya a mako biyu, ban da wannan ba a taɓa shi. Iyakar da na ja ita ce kashi goma cikin ɗari na nauyinsa, wato giram 639. In ya sauka ƙasa da haka, magana ta koma hannun likitan dabbobi.

27 Oktoba

Kafinta ya gama sabon akwatin Babbar, santimita 120 da 60 da 45, katakon kasuwar Katako, gaba gilashi. An mai da ita ciki. Auta ta ci.

3 Nuwamba

Babbar ta ƙi ci. Giram 1,060. Namijin 702, shi ma bai ci ba.

Na Babbar ya fi wuyar karantawa, don abubuwa biyu sun haɗu a mako ɗaya, kuma ɗayan ni na jawo shi. Na farko, ta shiga nauyin da masu kiwo suka daɗe da sanin mace kan tsaya a kansa, wajen kilo ɗaya. A nan ne girman gaggawa ke ƙarewa, ƙwayayen mahaifa su fara tasowa, buƙatar abinci ta ragu. Na biyu, sabon akwati. Bai kamata in canza mata gida a bakin wannan lokaci ba. Dabbar rami ce, fili tsoro yake ba ta, kuma akwatin na da faɗi, gilashi a buɗe, maɓoya ɗaya tal, ita ma ta yi mata girma. Maɓoya mai kyau ita ce wadda in mesa ta shiga, jikinta na taɓa bango ta ko'ina, bayanta na taɓa rufi.

Tunda ba a iya raba dalilan biyu da ido, sai a kawar da wanda ke hannun mutum. Na sayo tukwanen ƙasa huɗu, sefa 500 kowace, na fasa wa kowace ƙofa a gefe, na goge bakin da dutse don kada ya yanke ta. Biyu na kifa mata, ɗaya a kowane gefe. Gilashin na rufe kashi biyu cikin uku da kwali. Iyakarta giram 954.

10 Nuwamba

Hunturu ya shigo. Na sayo ma'aunin zafi da laima guda uku, 3,500 kowane, kuma abin da suka nuna ya tayar mini da hankali: laimar ɗaki kashi 21 cikin ɗari, cikin akwatin Babbar 30, cikin robobin ƙananan biyun 38. Wannan dabba na son 55 zuwa 70. Ramin da take kwana a daji na riƙe laima ko da saman ƙasa ya bushe ƙamas. Mesa da ke cikin bushewa ba ta cin abinci da kyau, kashi ya tsaya mata, saɓa ta manne.

Gyaran da aka yi. An kwashe jarida, an zuba ɓawon kwakwa da aka daddatsa, kaurin yatsa huɗu. Buhu ɗaya 1,500 wajen masu sayar da kwakwa, na tafasa shi na shanya kafin amfani. Ana zuba ruwa a kusurwa ya jiƙa ƙasan, saman ya zauna a bushe. In saman ya jiƙe, fatar cikinta na ruɓewa. Fesa ruwa da kwalba aikin banza ne a hunturu, rabin awa ya tafi. An toshe rabin ramukan iska da salatif, an canza kaskon ruwa da mai faɗi. Garin katako na wajen kafintoci ban sa ba: ba a san wane ice aka yanka ba, kuma ƙurarsa na shiga huhu.

Zuwa dare laimar ta hau 58 a akwati, 64 a robobi.

17 Nuwamba

Auta ta ci, giram 228. Manyan biyu babu. Da asuba ɗaki ya sauka 23. An sa tabarmar ɗumi ta lantarki mai wat 15 ƙarƙashin gefe ɗaya na kowane gida. Ina da ɗaya, na ƙara biyu da tamostat, wato na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai iyaka, duka jika ashirin da biyu. Na tsayar da ita a 32. Tabarma ba tamostat ba a yarda da ita: mesa kan kwanta a kan abin da ke ƙona ta ba ta tashi ba.

28 Nuwamba

Auta ta haras da abincinta.

Ta ci ranar 24, ɓera na giram 28. Daren 26 aka ɗauke wuta daga sha ɗaya har bayan asuba. Ma'auni ya riƙe mafi ƙanƙantar abin da ya gani a robarta: 20. Yau da safe wari ya cika ɗaki, ga ɓeran a gefen tukunya, rabi a narke, da yauƙi.

Mesa ba ta da ɗumin jiki na kanta, da zafin wurin kwanciya take narkar da abinci. In zafin ya faɗi a kwana biyun farko, narkewa ta tsaya, naman ya fara ruɓa a ciki, jiki ya turo shi waje. Harawa ba ƙaramin abu ba ce ga ƴar mesa. Ruwan ciki mai tsami na ƙona maƙogwaro a hanyar fita, kuma jiki ya yi asarar ruwa. In aka yi gaggawar sake ba ta, za ta sake harawa, kuma na biyu ya fi na farko haɗari.

Abin da aka yi: an zubar da shimfiɗar duka, an wanke robar da ruwan Javel, murfi ɗaya a lita ɗaya, an ɗauraye sau uku, an shanya har warin ya fita. Girezil, maganin wanke bayi, ba ya kusantar ɗakin nan, guba ne ga maciji. Sabon ruwa. Babu abinci kwana 14 cif, babu ɗauka. Giram 215.

Bambancin a bayyane yake. Namijin ya yi kwana 74 bai ci ba, giram 12 kawai ya rasa, yau yana 698. Auta da harawa ɗaya ta rasa 13 daga jikin da bai kai sulusin nasa ba. Ƴar wata shida ba ta da kitsen da za ta jingina da shi, kuma ba ta da dalilin balaga. Ƙaramar mesa in ta daina ci, a nemi laifin a gida ko a jiki, kada a ce lokaci ne.

1 Disamba

Na sayo batirin mota na hannu, bolt 12, amfiya 70, jika talatin da biyar, da ƙaramar inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir ta zama irin ta gida, mai wat 300, jika goma sha biyar. Tabarmi uku wat 45 ne, batirin na ɗaukarsu wajen awa bakwai ba tare da an tsotse shi ya wuce rabi ba. Ga kuma dabarar gaggawa: kwalbar ruwan zafi a naɗe da tawul, a jingina a wajen roba, ba a ciki ba.

Ɗauke wutar ta taɓa firiza ma. Ɓeraye shida na sama sun yi laushi sun sake daskarewa. Na zubar da su.

12 Disamba

Auta ta karɓi ɗan ɓera na giram 12, rabin abin da ta saba. Ya zauna.

Namijin ya yi saɓa. Idonsa ya yi fari-fari kamar madara ranar 2, ya washe ranar 6, ya tuɓe jiya. Saɓar ta fita guntu-guntu, ta bar zobe a ƙarshen wutsiya. Na sa shi a roba mai murfi da tawul mai ɗumi da laima, minti 30, ya goge kansa da kansa. Zoben wutsiya ba a barinsa, yana matse jini har tsinin ya mutu. Na duba saɓar kan, murfin ido biyu duka sun fita.

22 Disamba

Kuskure mafi muni a wannan aikin, kuma nawa ne. Bayan kwana 98, na bi shawarar da ake yawan bayarwa, cewa mai rai zai tada masa sha'awa. Na sa masa ɓera mai rai na giram 50. Minti goma na farko ina tsaye, ba wanda ya kula wani. Na fita wajen minti ashirin. Da na dawo ɓeran na bisa bayansa yana gurgura, ya yi masa rauni kusan santimita ɗaya, fata ta tafi, nama a waje. Namijin ya dunƙule kawai, bai kare kansa ba. Haka halinsu yake: mesar da ba ta da niyyar ci ba ta sara, ɓoye kai take yi ta miƙa baya.

Magani: Betadine, ruwan wanke rauni, 1,500 a famasi, a sirka da ruwa har ya yi launin shayi marar kauri, a wanke da auduga safe da yamma. An mai da shi kan farar takarda don kada ɓawon kwakwa ya manne a raunin, an sa masa tukunya ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma a ciki saboda laima. Man shafawa mai kashe zafin ciwo ba a sa wa maciji.

Tunanin da ya kai ni nan shi ne cewa yunwa yake ji amma abincin ne bai yi masa ba. Sikeli ya riga ya ƙaryata haka, giram 690 ya nuna a ranar.

Wani ya kawo shawarar a kamo ɓeran gona mai laushin gashi, mai nonuwa da yawa, tunda shi ne abincinsu a daji. Gaskiya ne suna son sa, kuma masu kiwo a Turai da Amurka na hayayyafa shi don masu ƙin ci. Amma na daji shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, ga tsutsar ciki, ga maganin ɓera da ba a san ko ya ci ba. Ba zai shigo gidan nan ba.

5 Janairu 2025

Namijin 684, rauni ya bushe ya yi ɓawo. Babbar 1,038. Auta 262, ta koma abincinta na da.

Babbar ta bar gefen ɗumi. Yini take a tukunyar gefen sanyi, wani lokaci ta naɗe kaskon ruwa. Sulusin jikinta na baya ya ɗan cika ko da ba ta ci ba. Wannan alamar tasowar ƙwayaye ce. In babu namiji, galibi jiki kan sake tsotse su, ci ya dawo. Ba zan haɗa ta da Namijin ba. Mace ƙasa da giram 1,500 in ta ɗauki ƙwai, ko ya maƙale mata, ko ta fito a ƙarmashe, don bayan ta zuba ƙwan za ta naɗe shi kusan wata biyu ba ci.

14 Janairu

Babbar na da ciwon numfashi.

Daren 12 na ji ɗan ƙas-ƙas in ta ja iska. Na ɗauka saɓa ce ke tafe, don kafin saɓa fatar hanci kan saki ta yi ɗan fito. Amma idonta bai canza ba. Jiya na same ta a wajen maɓoya da rana, kai a ɗage ta jingina shi da bango, baki a ɗan buɗe. Da na ja leɓen ƙasa, ga yauƙi mai kumfa. Giram 1,010: ta rasa 28 a kwana tara, alhali wata biyu kafin nan 22 ta rasa. Saurin faɗuwar ne ya nuna cewa wani abu ya hau kan ƙin cin.

Dalilin na gano shi da ma'auni. Tamostat na kula da gefen ɗumi kawai. Gefen sanyi, inda ta koma kwana, yana kan siminti kusa da taga, da asuba yana sauka 19, ga ɓawon kwakwa da na jiƙa sosai a wannan kusurwar. Sanyi da jiƙa, sannan ƙurar hunturu. Maciji ba ya iya tari, abin da ya taru a huhu nan yake zama, shi ya sa take ɗaga kai.

Likitan dabbobi ya duba bakinta, ya saurari numfashin, ya ce: "Malam, wannan ba na jira ba ne. Ka ɗaga zafin tun yau, ka kawo ta duk kwana uku." Ya auna maganin da nauyinta, allura a naman baya, cikin sulusin jiki na gaba, sau biyar. Ya karɓi kashin Auta da na Namijin na ƙarshe ya duba, babu ƙwan tsutsa. Dubawa 5,000, gwaji 3,000, allurai 7,500.

A gida: an ɗora akwatin kan benci, an janye shi daga taga, an rufa masa bargo da dare ban da ramukan iska. Gefen ɗumi 33, gefen sanyi ba ya sauka ƙasa da 27. An canza shimfiɗa da busasshiya, laima 60 daga kaskon ruwa da tukunya mai tsumma. Ita ce ta ƙarshe a jerin aiki kullum, kuma da nata hantsakin daban. Ba a miƙa mata abinci sai magani ya ƙare.

26 Janairu

Allura ta biyar. Kumfa ta ɗauke tun bayan ta uku. Auta ta ci.

2 Fabrairu

Numfashin Babbar shiru. Giram 992. Namijin 676.

16 Fabrairu

An gwada wa Namijin ɗan tsako na kwana ɗaya, a kashe. Na sayo huɗu, 600 kowane. Dalili kuwa, binciken da aka yi a dajin kudancin Najeriya ya nuna mazan wannan iri na hawa bishiya, kuma tsuntsaye sun fi yawa a cikinsu fiye da na mata. Ya bi shi da harshe ya daɗe, wuya ya ɗan lanƙwashe, sannan ya janye. Bai ci ba, amma rabon da ya tsaya wa abinci haka tun Satumba. Zagayen dare ma ya ragu, mako guda ke nan yana kwana a tukunya da kai a ƙofa.

Ɗura ban yi ba, ba kuma zan yi ba a wannan nauyin. Cusa abinci a bakin mesa na jaririyar da ba ta taɓa ci ba ne, tana ramewa. Ga babba mai tsoka, ɗura na ƙara tsoro ne ta tsawaita ƙin.

2 Maris

Namijin ya ci, bayan kwana 168. Giram 668 kafin ci: ya rasa 42, wajen kashi shida cikin ɗari, bai kusanci iyakar 639 ba.

Ga yadda aka yi, don a maimaita. Ɓera na giram 40, ƙasa da abin da ya saba. An fito da shi daga firiza da safe ya narke a firiji cikin leda. Bayan isha'i aka tsoma ledar a ruwan ɗumi minti 15, sannan kan kaɗai a ruwa mai ɗan zafi har ya kai wajen 40. An matsa cikin da yatsa a tabbatar babu sauran ƙanƙara. An goge shi ya bushe, an shafa masa gashin tsako a kai. An ajiye shi bisa murfin robar minti 20 warin ya sauka. Fitila a kashe, sai hasken waya daga nesa. An riƙe shi da dogon hantsaki ta bayan wuya, ba ta wutsiya ba, yana tafiya a ƙasa kamar mai rai, taƙi ɗaya daga ƙofar tukunya, ba a tura masa a fuska ba. Ɗumin kan shi ne mabuɗi: ƴan ramukan da ke jere a leɓensa na sama zafi suke gani, ɓera mai sanyi a wurinsa ba abinci ba ne. Ya sara, ya naɗe, na rufe na fita. Ba a taɓa shi sai bayan kwana uku.

Ban ce gashin tsako ne ya buɗe masa baki ba. Irin wannan miƙawar, ban da gashin, an yi ta sau tara a baya ya ƙi. Da asuba yanzu ɗaki 26 ne, sanyi ya wuce, lokacin neman mace ya wuce.

16 Maris

Namijin ya sake ci, giram 50, ba gashin tsako. Ya yi saɓa ɗaya cikakkiya, wurin cizon ya zama tabo mai duhu, zai ƙara shafewa da saɓa biyu ko uku. Babbar ta ƙi. An kashe tabarmin ɗumi duka.

23 Maris

Babbar ta ci bayan kwana 154. Giram 981, ta rasa 79, kuma mafi yawansu a makonnin ciwon ne. Ba ta sara daga hantsaki ba. An bar mata ɓera na giram 55 a ƙofar tukunya da dare, da asuba babu shi. Cikar nan ta bayan jiki ta sace.

6 Afrilu

Namijin 715, Babbar 1,020, Auta 395.

Lissafin wata shida: sikeli 6,000, ma'aunai 10,500, tukwane 2,000, ɓawon kwakwa 1,500, tabarmi da tamostat 22,000, batir da inbata 50,000, Betadine 1,500, likita 15,500, ƴan tsaki 2,400, abincin ɓeraye 15,000. Jimla sefa 126,400, ban da akwatin. Ɓeraye 14 aka narke aka zubar saboda ƙi, ban da shidan firiza. Nan gaba ƙarami ɗaya za a narke wa manyan, in an ƙi shi ya koma wurin Auta a daren, tunda ta kusa kai girman ɗaukarsa.

Yanzu matsalar ta juya. Waje ya wuce 42 da rana, ɗakin ya kai 36 jiya da la'asar, kuma wannan dabba in ta daɗe sama da 35 ba ta da wurin gudu, ci na tsayawa, ƙwaƙwalwa na iya taɓuwa. An mai da su ɗakin gabas mai kaurin bango, gidajen sun koma ƙasa kan siminti. An rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, fanka na busa shi daga batir. A kowane gida an sa randa ƙarama cike da ruwa, suna kwanciya a jikinta. Da wannan akwatin Babbar ya tsaya 31 a gefe ɗaya, 29 a ɗayan. Ba a ba da abinci a ranar da asuba ta wuce 31, kuma girman ɓera zai zauna ƙasa har ruwan farko.

Abincin Namijin ya koma duk mako biyu, giram 55 zuwa 60. Babbar duk kwana 14 zuwa 18, giram 70. Sun wuce shekarun ci duk mako, kuma mesar da aka cika wa ciki ta yi ƙiba ita ce ke daɗewa a ƙi. Auta duk kwana bakwai har ta kai 500, sannan goma. Za a kai ta a tabbatar da jinsinta kafin Satumba: in namiji ce, a bana za ta kai nauyin balaga. Canjin gida, in akwai, a watan Yuli za a yi shi. Awon farko na kaka mai zuwa ranar 1 Satumba, daga shi za a ja wa kowa sabuwar iyaka.